Ta ina zan fara ƙera ƙaramin kan jirgin ƙasa irin wanda na gani a fim?

Wani matashi daga Tudun Nufawa a nan Kaduna ya aiko da tambaya. Ya ce tun yana yaro yake ƙera motar kara da ta langa-langa, yanzu kuma yana koyon walda. Ya ga wani ɗan jirgin ƙasa mai hayaƙi a tsohon fim ɗin Indiya, yana hawan dutse kafaɗa da kafaɗa da mota, jarumi na cikin jif yana waƙa, budurwa na zaune a bakin tagar tarago. Yana so ya ƙera irinsa ƙarami, wanda zai yi tafiya a kan layinsa. Ya ce: "Malam, ta ina zan fara? Kuma kayan aikin za a same su a Kaduna, ko sai an yi oda daga waje?"

Ƙanena, Allah ya yi wa hannunka albarka. Tambayarka ta biyu amsarta gajeriya ce. Kusan duk abin da kake bukata yana tsakanin Panteka da Kasuwar Gumi, in ka ɗebe ɗan injin lantarkin da za mu zo kansa. Ta farkon ce ke son zama, don haka ka gyara zama.

Kada ka fara daga fim ɗin. Na san shi ya ja hankalinka, amma kan jirgin da ke cikin fim tamkar dokin hawan sallah yake, an lulluɓe shi da lifidi da jalala, mai son sanin ƙirarsa sai ya bi shi barga ya gan shi ba sirdi. Masu shirya fim ba kasafai suke ƙera kan jirgi ba. Haya suke ɗaukowa daga gidan tarihi ko wani kamfanin jirgi, su sake masa fenti, su canja lamba, wani lokaci su ɗora masa bututun hayaƙi na ƙarya. Aikinka na farko shi ne ka gano wane kan jirgi ne a ƙarƙashin adon, don shi ne yake da zane da awo da ɗaruruwan hotuna, kuma shi za ka ƙera. Adon fim daga baya ake sa shi.

Dubi jan jirgin nan na finafinan Harry Potter. Kan jirgi ne na gaske, lambarsa 5972, kamfanin Great Western ya ƙera shi a Swindon ta Ingila a 1937, sunansa na asali Olton Hall. Kore kamfanin yake shafa wa irinsa. Masu fim suka mayar da shi ja, suka liƙa masa sunan da ya ƙare da Castle. To, shi kamfanin ya ƙera wani jinsin kan jirgi daban da ake kira Castle, mai silinda 4 da tayoyi masu faɗin inci 80 da rabi, alhali jinsin Hall silinda 2 gare shi, tayoyinsa inci 72. Wanda ya bi sunan da ya gani a allo ya nemo zanen Castle, zai ƙare watanni yana ƙera abin da bai taɓa fitowa a fim ɗin ba. Haka kan jirgin Sierra mai lamba 3 da ke Kalifoniya, ƙirar kamfanin Rogers ta 1891, wanda ya fito a finafinan kaboyi ba adadi, yau da wannan lamba gobe da waccan. A kashi na uku na Back to the Future, na 1990, lamba 131 aka sa masa. Wanda ya faɗa kwazazzabo ya tarwatse a ƙarshen fim ɗin ma ba shi ba ne, ƙaramin samfur ne mai kashi ɗaya bisa huɗu na girmansa. Ka ga sana'ar da kake son shiga, su kansu masu fim da ita suke cin abinci. Hatta na cikin The Polar Express, da aka zana da kwamfuta, daga jikin Pere Marquette 1225 aka ɗauko shi, ƙirar 1941, wanda har yau yana nan a Mishigan.

Naka kuwa, bisa yadda ka kwatanta, fim ɗin Aradhana ne na 1969, Rajesh Khanna a jif, Sharmila Tagore a taga. Layin shi ne na Darjeeling a jihar Bengal ta Yamma, an buɗe shi a 1881, tsawonsa a yau kusan kilomita 88 daga New Jalpaiguri, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Yawancin tafiyarsa a gefen titin mota yake yi, yana tsallaka shi yana dawowa, shi ya sa jif ta iya jerawa da shi. Kan jirgin jinsin B ne. Guda 34 aka ƙera daga 1889 zuwa 1925, akasari a Gilasgo, a kamfanin Sharp Stewart sannan North British. Wasu na aiki har yanzu. Rubuta "DHR B class" a wajen bincike, za ka sami hotuna da bidiyo fiye da yadda datarka za ta ɗauka.

Masu wannan harka da ƙidayar taya suke gane kan jirgi. Lambobi uku ake jerawa: ƙananan tayoyin gaba, manyan da sanda ke haɗawa, sai na baya. Olton Hall da Sierra duk 4-6-0 ne. Na Mishigan 2-8-4 ne. Naka 0-4-0 ne, wato tayoyi huɗu kacal, ba na gaba ba na baya, kuma ba ya jan taragon kwal da ruwa, ruwansa na cikin tankin da ya hau bayan tukunya. Ka yi sa'a. Da jan jirgin Ingila ka zaɓa a karon farko, da na ce ka dakata tukuna.

Sai dai ka lura, sama da shekara ɗari ana gyaran waɗannan kawunan a ma'aikatar Tindharia, ana musanya musu kaya, har ya zama da wuya ka sami biyu masu kama ɗaya sak. Wannan fitilarsa daban, wancan ma'ajin kwal ɗinsa ya fi tsayi. Zaɓi lamba ɗaya ka tsaya a kanta. Sannan ka yanke shawara tun yanzu: kamar yadda ya fito a fim za ka yi shi, ko kamar yadda yake a yau? Kowanne daidai ne, gauraya su ne ba ya kyau.

Ma'auni shi ne sau nawa aka rage girman abu, kuma da faɗin layi ake ɗaure shi. Layin da ya tashi daga Rigasa zuwa Idu, wanda aka buɗe a 2016, faɗinsa milimita 1,435 ne. In ka raba da 87 za ka sami 16.5, shi ne ma'aunin HO, wanda ya fi kowane yawa a duniya. Turawan Ingila suna amfani da 1:76 a kan layin 16.5 ɗin nan, suna kiransa OO, inda tayar Olton Hall ke zama milimita 24. Akwai N, 1:160, mai layin milimita 9. Duk waɗannan na mai sayen kaya a kwali ne. Layin Darjeeling faɗinsa milimita 610 ne kawai, kuma in ka rage kan jirgin zuwa 1:76, tayarsa ba za ta kai milimita 9 ba. Babu mai fere maka wannan a Panteka, kai ma ba za ka ji daɗin aikin ba.

Shawarata ka ɗauki 1:19. Raba 610 da 19, za ka sami 32, kuma layin milimita 32 sananne ne ga masu ƙera irin waɗannan ƙananan jirage a ko'ina, saboda haka duk wata matsala da za ka ci karo da ita wani ya riga ya warware ta. Tayar jinsin B inci 26 ce, wato milimita 660, a wurinka ta zama 35. Tsakanin aksul na gaba da na baya, wato ƙarafan da tayoyi ke ɗaure a jikinsu, milimita 1,676 ne, a wurinka 88. Mutum mai tsayin mita 1.7 zai zama santimita 9. Kan jirgin gaba ɗaya zai kai wajen santimita 30 ko ya ɗan ɗara. Wannan girma ne da hannun mai koyon walda zai iya sarrafawa da zarto da magagari da injin huji.

Rubuta lambar nan 88 a bangon shagonku, don da ita za ka ciro sauran awo daga hoto. A yawancin kawunan jirgi da taya ake aunawa, amma jinsin B tayoyinsa a ɓoye suke a bayan farantan shasi, abin da ake gani a waje hannuwan da sanda ke maƙale a jiki ne. Tsakiyar kowane hannu ita ce tsakiyar aksul. Nemo hoton da aka ɗauka daga gefe sosai, daga nesa, inda ba ka ganin gaban jirgin ko bayansa ko kaɗan. Kai shi shagon kwamfuta, a yi ta ƙara girmansa ana bugawa har sai ka ɗora rula tsakanin aksul biyun ta nuna 88 cif. Daga nan takardar ta zama zanenka. Tsayin bututu, tsawon tanki, faɗin ƙofar direba, duk sai dai ka ɗora rula ka karanta. Faɗin jiki kuma daga hoton gaba ake samunsa, a buga shi har tsakanin dogo biyu ya zama 32.

Hoton da ka tsayar daga fim ba ya wannan aikin, kuma ga dalili. Mai ɗaukar fim yana son kan jirgi ya cika ido, sai ya tsuguna kusa da layi ya ɗauka daga ƙasa, gaban ya kumbura, bayan ya tsuke. Tsoffin finafinai kuma sau da yawa an ja su a faɗi don su cika allon waya, sai ka ga ƙofar gaban tukunya, wadda da'ira ce, ta koma kamar an danne ta. In ka ga haka kada ka auna komai a wannan hoton. Akwai ma inda ake juya hoto wajen tace fim, dama ta koma hagu, lambar jiki ce za ta tona maka asiri. Abin da fim zai ba ka shi ne ado: wace fitila, wane rubutu, taragu nawa, wa ke zaune a ina.

Kafin ka taɓa ƙarfe, yanka kwalin indomi ka haɗa jirgin gaba ɗaya da gam, ba ado ba fenti. Ajiye shi a kan tebur, ka ja da baya, ka kwatanta da hoto. Kuskuren da ido zai kama a nan yamma ɗaya zai ci maka. In a ƙarfe ya fito, wata guda ne.

Yanzu mu zo kan shasi, inda nake so ka kashe rabin lokacinka. Na sha ganin samfur mai kyan jiki da ba ya iya tafiyar taku ɗaya, kuma kusan kullum ciwon a nan yake. Yanki faranti biyu na ƙarfe mai kaurin milimita 1.5. Kada ka huda su ɗaya bayan ɗaya. Haɗa su fuska da fuska, ka ɗan ɗiga musu walda a gefe biyu, ka ɗora ƙarafan da za su zama sandunan haɗa taya a kansu, ka matse, sannan ka huda duka huɗun a lokaci guda da siririn bakin huji. Daga baya ka raba su, kowane rami ka faɗaɗa shi zuwa girman da yake bukata. Dalili shi ne tazarar ramukan sanda dole ta yi daidai da tazarar aksul. Ko 88 ce ko 88 da ɗigo biyar, ba shi ne abin damuwa ba, muddin duka huɗun abu ɗaya suka faɗa. Rabin milimita ya bambanta, taya za ta cije.

Aksul kada ka yi shi da ƙusa ko rodi. Cikin matattun firinta da na'urar DVD akwai sandunan ƙarfe masu santsi, miƙaƙƙu sosai, masu gyaran kwamfuta zubar da su suke yi. A ramin da aksul zai juya ka cusa ɗan guntun farar tagulla ko ja, don ƙarfe a kan ƙarfe saurin cinyewa yake. Tayoyi kuwa ka kai wa masu injin fere ƙarfe a Panteka, ka tafi da zane a takarda, kada ka tsaya kwatance da baki. Faɗin inda ke taka dogo 35, leɓen da ke riƙe ta a layi ya fito milimita 2, kuma ka roƙe shi ya fere huɗun a zama ɗaya ba tare da ya sake saitin injin ba. In ka zo ɗaura su a aksul, tsakanin bayan taya da bayan 'yar'uwarta ya zama 28. Yanki ɗan ƙarfe mai tsawon 28 ka ajiye shi a matsayin ma'auninka.

Sai hannuwan. Na dama da na hagu ba sa kallon wuri ɗaya. In na dama yana kallon ƙasa, na hagu gaba yake kallo, kwatar da'ira ke tsakaninsu, digiri 90. A jirgin gaske an yi haka don kada silinda biyu su tsaya a ƙarshen bugunsu lokaci guda jirgi ya kasa tashi. A naka kuma, lokacin da sandar dama ta miƙe ta rasa ƙarfin tura taya, ta hagu ce ke karɓa. Abin da ya fi 90 ɗin muhimmanci shi ne aksul na gaba da na baya su yi daidai da juna. Goge bakin kowane aksul da magagari ya yi fuska shafaffiya, ka sa ɗan sukurun da zai danne hannun a kanta, ta yadda za ka iya kwancewa ka gyara. Kada ka yi musu walda.

Injin da zai ja shi. Na cikin DVD da na motar wasan yara gudunsu ya yi yawa, ƙarfinsu kaɗan. Yi lissafi ka gani. A ce jirgin gaske na tafiyar kilomita 15 a awa, wato mita 4 da 'yan kai a daƙiƙa. Raba da 19, santimita 22 ke nan a daƙiƙa. Zagayen tayarka santimita 11 ne, saboda haka juyi biyu take bukata a daƙiƙa, 120 a minti. Nemi ɗan injin da ke zuwa da giyarsa a jiki, mai juyi 100 zuwa 150 a minti. Wanda ake kira N20 ya isa in jikin jirgin bai yi nauyi ba, in kuma ƙarfe ya yi yawa ka ɗauki babban yayansa mai faɗin milimita 25. Masu sayar wa ɗaliban Kadpoly kayan furojet sukan ajiye su, in babu a yi maka oda. Aksul ɗaya za ka haɗa da injin, sanduna su kai ƙarfin ga ɗayan. Babu abin da ke mayar da samfur abin wasan yara kamar gudu. Kan jirgin dutse a hankali yake tafiya, ana ganin sanda na hawa tana sauka, nan daɗin kallon yake.

Samfuran da ake sayarwa a waje ta dogo suke shan wuta. A Kaduna ban ba ka wannan shawarar ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu za ta kwanta a kan layin kullum, jirgi ya riƙa tsayawa yana fizga, ga ɗaukewar wuta, ga wahalar raba tayar dama da ta hagu don kada su haɗa waya. Sa batir a ciki ka huta. Guda biyu na 18650, irin na cikin batirin laftof, za su ba ka bolt 7.4, ka haɗa da ɗan allon da ke kare su wajen caji da wani mai rage gudu da ƙara shi. Sa su a gidan batir, kada ka ɗora musu ƙarfen dalma kai tsaye, kuma kada ka bar jirgin cikin rana a watan Maris ko Afrilu.

Na san zuciyarka za ta raya maka ka yi mai tururi na gaske, tunda kana walda. Ka saurare ni da kyau a nan. Tukunyar tururi, komai ƙanƙantarta, in ta fashe tana makantarwa. Masu yin ta da jar tagulla suke yi, su like da dalmar azurfa, su gwada ta da ruwa a ninki biyu na ƙarfin da za ta yi aiki, su sa mata bawul mai sakin tururi in ya yi yawa. Gwangwani da dalmar masu gyaran rediyo ba sa wannan aikin. Bar shi sai ka sami wanda ya iya ya zaunar da kai.

Jiki shi ne wurin da ƙwarewarka ta motar langa-langa za ta yi maka rana. Tukunya, guntun bututun ruwa na roba. Tankin da ya hau kanta, ka sassaƙa itace daidai siffarsa, ka lanƙwasa gwangwanin madarar gari a kai. Ɗakin direba ma da gwangwani ka yi shi, ka like da dalma. Farin allon roba na masu rubuta allon talla yana da daɗin yanka, amma yi lissafi: kaurin milimita 3 sau 19 ya zama 57, bakin taga zai fito da kaurin da ba a taɓa gani a jirgi ba. Gwangwani mai kaurin 0.3 yana ba da kusan milimita 6, daidai farantin gaske. Ajiye allon roba don dandamali da wuraren da ba a ganin bakinsu.

Kawunan ƙusoshin da suka yi layi a jikin tanki su ke sa samfur ya yi kama da ƙarfe mai nauyi. Tun gwangwanin yana shimfiɗe, ja layi a bayansa, ka sa ɗigo-ɗigo da rula. Dakushe bakin ƙusa, ka ɗora farantin a kan guntun alminiyom, ka riƙa bugu ɗaya-ɗaya da ƙaramar guduma, ƙarfi iri ɗaya. In ka juya za ka ga sun taso reras. Gwada a kan yanki tukuna har hannunka ya zauna. Bututan jiki, wayar tagulla ta cikin kebul. Mariƙin hannu, sifok ɗin keke. Bututun hayaƙi da tulun da ke kan tukunya, a fere su tare da tayoyi. Kwal, daka gawayi ka tankaɗe, ka zuba a ma'ajinsa, ka ɗiga masa farin gam na kafintoci da aka tsinka da ruwa. Nauyi kuma ƙasa-ƙasa ake sa shi, tsakanin aksul biyu, dalmar da masu saitin tayar mota ke cirewa ta wadatar.

Fenti, wanke gwangwanin da omo ka cire maiƙo da ragowar dalma, ka goge da sanfefa mai laushi, ka fesa na share fage, sannan launi siriri-siriri sau uku. Da damina in iska ta yi laima fentin feshi yakan yi fari-fari, jira ranar da gari ya buɗe. Da hunturu kuma a cikin kwali za ka fesa, ka rufe nan take. Shuɗi aka san jinsin B da shi a yau. In na fim kake bi, kwatanta wurare da yawa a cikinsa, don launin tsohon fim yakan juya, kuma kowace waya da yadda take nuna shi. Ka rage ƙyalli. Kan jirgi mai aiki saman tukunyarsa baƙi ne da hayaƙi, inda ruwa ke tsiyaya akwai farin zane, wajen silinda akwai maiƙo, ƙasansa ƙura. Garin gawayi da na alli da ɗan jar ƙasa, a shafa da busasshen burushi, sun isa. Duba hoto kafin kowane shafi, datti ma yana da wurin zamansa.

Layi ba sai ka saya ba. Yanka katako ƙanana, ka yi wa kowanne tsaga biyu da zarto, tazarar 32 daga ciki zuwa ciki, ka tsayar da langa-langa a tsagar a kan gefensa. Yi ɗan akwatin da zai riƙe zarton don tsagar ta fito iri ɗaya. A kwana ka buɗa zuwa 33, kuma daga tsakiyar da'ira zuwa layi kada ya gaza santimita 75. Langa-langa na tsatsa da damina, in ka sami siririn alminiyom wajen masu haɗa tagogi ya fi. Katakon ka shafa masa maganin gara, allon da za ka shimfiɗa a kai kuma ka yi masa fenti ciki da baya don kada ya lanƙwashe in yanayi ya juya.

Abin da zai sa mai kallo ya ce "ai wannan na fim ɗin nan ne" bai wuce uku ba: titi a manne da layi, jif a kai, da taga mai mutum. Motocin ƙarfe na ado da ake sayarwa a shagunan kayan wasa da yawa 1:18 ne, bambancinsu da ma'auninka ido ba ya kamawa. Kada ka manta da mutum biyun da ke zama a gaban kan jirgin suna barbaɗa yashi a kan dogo don kada taya ta zame a hawa, da wanda ke sama yana fasa kwal. Waya da ƙyalle da ɗan yumɓu sun isa ka yi su.

Zan so, in ka gama wannan, ka waiwayo gida. Garin nan jirgi ne ya kafa shi: layin Baro zuwa Kano ya ratsa nan a 1911, kafin a dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Tsohon layinmu faɗinsa milimita 1,067 ne, a ma'aunin 1:64 yana hawa layin 16.5 da ake samu a kasuwa. Mun yi jinsin River, masu tsarin 2-8-2, da aka raɗa wa sunayen koguna. Mun yi ƙaramin layi mai faɗin milimita 762 daga Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957. Kamfanonin waje sun cika kasuwa da jan jirgin Ingila, namu kuwa sai in mu muka ƙera su, kuma tsoffin ma'aikatan reluwe da suka hura musu wuta suna ta ƙarewa. Ka nemi ɗaya ka gaishe shi, ka tafi da takarda da biro. In za ka ɗauki hoto a tasha ko a yadin jirgi ka nemi izini tukuna, tun bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a Maris na 2022 jami'an tsaro ba sa wasa da wannan, kuma suna da hujja.

Ranar da ka haɗa shasi, kafin ka sa inji, ɗora shi a kan gilashin tebur. Tayoyi huɗun duk su taɓa, in takarda ta shige ƙarƙashin ɗaya shasin ya murɗe, sassauta sukurori ka sake ɗaurewa a kan gilashin. Sannan ka ɗan ɗaga gefe guda, ya kamata ya gangara da kansa. In yana cijewa a wuri ɗaya a kowane juyi, cire sandar hagu ka gwada, ka mayar ka cire ta dama. Wadda ta cije ita kaɗai, raminta za ka faɗaɗa kaɗan da siririn magagari. In kowacce na tafiya lafiya ita kaɗai amma tare suna cijewa, hannuwan ne ba su daidaita ba, kwance na aksul ɗaya ka juya shi kaɗan-kaɗan. In kuma cijewar ba ta da wuri takamaimai, tagullar ce ta matse aksul ko garin ƙarfe ya shiga, wanke da kananzir ka ɗiga man keken ɗinki. Turo mini bidiyonsa yana gangarawa, daga nan sai mu yi maganar silinda da sandunan bawul.